Kafin Ka Ɗora wa Kamfani Laifi: Yadda Ake Gane Shaƙe Layi da Rage Cijewar Wasa a Agadez

Bayan sallar isha'i, idan ka ratsa Sabon Gari ko Tudu a nan Agadez, da wuya ka wuce fada biyu ba ka tarar da samari sun kewaye tabarma ba, butar shayi na tafasa a kan gawayi, kowa ya kwantar da wayarsa tsakanin hannu biyu. Ko dai Free Fire ne, ko PUBG Mobile, ko eFootball. Can sai ka ji ɗaya ya bugi cinya. Ya hango abokin gaba, ya danna harbi, hoton ya tsaya cik, kafin ya motsa an riga an kwantar da shi. Ƴar lambar nan da ke kusurwar allo, wadda ɗazu take koriya, ta rikiɗe ta koma ja. Maganar da ke biyo baya ba ta sauyawa: kamfani ne ya shaƙe mana layi.

Wani lokaci hakan ne kuwa. Kamfanonin sadarwa suna rage wa mutum gudun intanet da gangan, ba a Nijar kaɗai ba. Sai dai na sha ganin ƙannenmu suna zuba kuɗin da suka sha wuya kafin su samu a forfe, wato kunshin data, mai tsada, suna cika waya da manhajojin VPN na kyauta, cijewar kuma tana nan daram, don kuwa maganin wata cuta dabam suke sha. Abin yana damuna. Shi ya sa nake roƙon ɗan wasa ya fara da awo kafin ya fitar da ko dala. Awon ba ya buƙatar kwamfuta. Waya, ɗan littafi da biro, da haƙurin kwana uku sun isa.

Mu fara da lambar nan. Ita ce ƴan wasa ke kira fing, kuma da milisakan ake ƙirga ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Tana nuna tsawon lokacin da dannawarka ke ɗauka ta je babbar kwamfutar masu wasan, wadda ake ce wa saba, amsa ta dawo maka. Ba ita ce gudun da kamfani ke talla da shi ba. Babbar motar da ke tashi zuwa Dirku ta fi Hilux ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, amma Hilux ce ke riga ta isa. Yawan mega shi ne girman bayan mota, fing kuwa lokacin tafiya ne. Wasa ba mai kaya da yawa ba ne: ana cikin fafatawa, abin da yake sha bai kai megabit ɗaya a sakan ba. Ƴan ƙananan saƙonni yake aikawa, sau da dama cikin kowane sakan, kuma yana son kowanne ya isa a kan kari. Don haka wanda ya sayi jiga hamsin domin fing ɗinsa ya sauka, ya ƙara wa mota faɗin baya ne kawai, hanya na nan da tsawonta.

Tsawon hanyar nan kuwa, a wurinmu ba ƙarami ba ne. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinmu sai ya bi ta ƙasashen maƙwabta kafin ya shiga manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan cikin wayar gilashi, wato kowane kilomita 100 na ƙara milisakan ɗaya zuwa da dawowa. Ka yi lissafi da kanka. Daga Agadez zuwa Yamai ta hanyar mota ya haura kilomita 900. Daga Yamai zuwa Kwatano kusan 1,000 ne. Wayar ƙarƙashin ruwa ta MainOne da ta haɗa Legas, da ke kusa da Kwatano, da Fotugal tana da tsawon kilomita 7,000. Idan saƙonka irin wannan zagaye ya yi don ya kai sabar Turai, ya cinye milisakan 90 a tafiya zalla, tun ba a sa jinkirin eriya da na'urorin da yake ratsawa ba. Fing da ya ɗan haura 100 a sabar Turai, matuƙar yana tsaye wuri ɗaya, ba muguntar kowa ba ce, nisanmu ne. A ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a gaɓar tekun Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama sun ɗanɗana kuɗarsu. Irin wannan rana babu dabarar da za ka yi a wayarka ta yi aiki.

Abin da ke kashe ɗan wasa ba tsayayyen fing na 130 ba ne, hannu yana sabawa da shi. Rawar lambar ce: yanzu 120, an jima 400, sai 150, sai 900. A nan ne ake farautar mai laifi.

Shaƙewa ta gaskiya iri biyu ce. Ta farko ita ce ta ƙarewar rabo. Forfe da yawa da ake tallata su da sunan marasa iyaka suna da iyakar da aka rubuta da ƙananan haruffa: idan ka sha jiga kaza, ba a yanke maka layi, amma ana matse gudun har wa'adin ya cika. Ni kaina ta taɓa rutsawa da ni. Na sayi forfe na wata guda a wani kamfani da ba zan kama sunansa ba, kwanakin farko komai sumul, kafin tsakiyar wata saƙon murya na WhatsApp ma sai ya yi ta juyawa. Na je ofishinsu raina a ɓace. Matar da ke bayan tebur ta duba lambata, ta juyo mini da allonta, ga iyakar nan a rubuce, kuma an turo mini ita cikin saƙon da ya tabbatar da sayen, wanda na goge ban karanta ba. Na ji zafin yadda tallar ta ɓoye abin, amma tun daga ranar ban ƙara goge irin wannan saƙo ba.

Ta biyu ita ce shaƙewa bisa nau'in abin da kake yi. Kamfani yana da na'urorin da ke gane cewa wannan bidiyo ne, wannan kira ne, wannan saukar da babban fayil ne, sai ya ware wani ya rage masa gudu. Wannan ba zargi ba ne kawai, an taɓa kama shi a fili. A Amurka, cikin 2007, an gano kamfanin Comcast yana tauye masu amfani da BitTorrent, tsarin musayar manyan fayiloli, a ɓoye, kuma a 2008 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta umarce shi ya daina. Abin lura shi ne, bidiyo da manyan fayiloli aka fi yi wa haka, tunda su ne ke cika layi. Wasa ba ya cin abin a zo a gani, shi ya sa kamfani ba shi da wata riba a shaƙe shi shi kaɗai.

Akwai kuma ta uku da take kama da shaƙewa alhali ba ita ba ce, cunkoso. Eriya ɗaya ce ke ɗauke da unguwa. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 garin nan ke ƙara cika da jama'a, kuma da dare kowa yana kan TikTok ko kiran bidiyo. Idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, masu wifi a gida ma su dawo kan rezon waya. A ganina wannan ce ta fi damun ƴan wasan Agadez.

To ga yadda ake awon. Ka sauke manhajar Speedtest. Ka zaɓi wuri ɗaya da ka saba zama, kada ka sauya shi. Kwana uku a jere, ka auna sau uku a yini: bayan sallar asuba, da azahar, da wajen ƙarfe tara na dare. Kowane awo ka rubuta gudun saukewa, gudun ɗorawa, da fing, sannan ka buɗe wasan ka buga zagaye ɗaya ka rubuta tsakanin nawa da nawa lambar cikin wasan take yawo. Ka sani awon yana shan mega, don haka kada ka yi ta maimaitawa ba dalili. Kowane sakamako ka ɗauki hotonsa da kwanan wata da lokaci.

Rana ta huɗu ka zauna ka karanta littafinka. Idan da asuba layi yana gudu, fing a kwance, da dare kuma komai ya dagule, cunkoso ne. Idan gudun ya tsaya a ƙaramar lamba ɗaya safe da dare, kamar an sa masa ma'auni an yanke, alamar ƙarewar rabo ke nan, domin cunkoso hawa da sauka yake yi, ita kuwa shaƙewa shafe take. Tabbatar da ita abu ne mai sauƙi: ka duba ragowar forfe ɗinka, ko ka ari wayar abokin da yake kan kamfani ɗaya da kai wanda bai daɗe da saye ba, ku auna a tabarma ɗaya cikin minti ɗaya. Nasa ya tashi naka ya kwanta, magana ta ƙare.

Shaƙewar nau'i ta fi wuyar kamawa. Ka auna da Speedtest, nan take ka buɗe shafin Fast.com ka sake aunawa. Shafin na kamfanin Netflix ne, kuma daga sabobinsu na bidiyo yake jawo abin da yake gwaji da shi. Idan kullum yana nuna ƙasa da Speedtest sosai, akwai alamar ana tauye bidiyo, ko kuma hanyar zuwa sabobin ce ta cushe. Akwai manhajar Wehe, wadda masu bincike a Jami'ar Northeastern ta Amurka suka ƙirƙira domin wannan aiki musamman: tana aika saƙo da kamannin wata manhaja, ta sake aika shi a ɓad da kama, ta kwatanta gudun biyun. Gwaji na ƙarshe shi ne na VPN, kuma sau uku ake yi a jere: babu shi, da shi, sannan babu shi kuma. Awo ɗaya ba hujja ba ne, rezo yana sauyawa da kansa cikin minti biyu.

Yanzu sai magani, kuma zan fi daɗewa a kan wanda ba ya cin ko sisi, don shi ya fi aiki. Tambaya ce ta kai mu gare shi: tunda wasa ba ya shan abu mai yawa, me ya sa matsattsen layi ke cije shi? Dalilin shi ne jerin gwano. Ka tuna famfon unguwa ranar da ruwa ke zuwa siriri, ga ƴan garuwa sun jera jarkoki ashirin, kai kuma kofi ɗaya kake nema. Ruwan da kake buƙata kaɗan ne, amma sai ka jira. Haka saƙon wasanka yake tsayawa a bayan bidiyon da WhatsApp ke saukewa da kansa daga zauren dangi, da hotunan da Google Photos ke ɗorawa, da manhajojin da Play Store ke sabuntawa ba tare da ka sani ba. Ka kore jarkokin, kofinka ya cika nan da nan, ko da famfon bai ƙara ƙarfi ba.

Saboda haka, kafin ka shiga wasa, ka shiga saitin WhatsApp da Telegram ka hana su sauke hoto da bidiyo da kansu. A Play Store ka sa sabuntawa ta zama ta wifi kaɗai. Ka dakatar da ɗora hotuna. Sannan ka kunna tsimin data na wayar, wanda a wayoyin da aka saita da Faransanci yake fitowa da sunan Économiseur de données. Yana cikin Android tun fitowa ta 7, kuma Tecno da Infinix da Itel da suka cika hannun matasa suna da shi. Yana hana manhajojin da ba ka buɗe ba shan data a bayan fage. Ka sa wasanka cikin waɗanda aka yafe wa. Idan kana raba wa wani layi daga wayarka, ka rufe. Ɗorawa ta fi saukewa ɓarna a nan, domin hanyar fita daga waya ta fi ƙunci: abokin da ke jingine da layinka yana ɗora bidiyo a TikTok zai iya harba fing ɗinka sama shi kaɗai. Manyan sabuntawar wasanni kuma, masu cin jiga ɗaya ko fiye, su ne ke cinye rabo su jefa ka cikin shaƙewa. Ka bar su sai ka samu wifi, ko forfe na dare idan kamfaninka yana da shi. Wanda duk wata yake faɗawa ramin ƙarewar rabo, gara ya riƙa sayen ƙananan forfe na mako, ya ware layi ɗaya don wasa.

Layi biyu ma dabara ce babba. Muna da Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom da ya gaji Orange, da Niger Telecom da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Ba zan ce maka wane ya fi wane ba, domin amsar tana sauyawa daga unguwa zuwa unguwa, wani lokaci daga wannan lungu zuwa na gaba. Wanda eriyarsa ta fi kusa da kai kuma ta fi ƙarancin jama'a, shi ne naka. Littafin awonka ne zai nuna shi.

Ƙarfin rezo a inda kake zaune shi ma yana da nasa. Katangun ƙasa na tsohon gari masu kauri, waɗanda ke tsare mu daga zafi, suna tsare rezo ma, rufin kwano kuma ya fi su. Sandunan da ke saman allo ba sa faɗin gaskiya duka. Ka shiga saiti, wurin bayanin waya, ka nemi halin katin layi, za ka ga wata lamba mai alamar ragi da haruffan dBm. A 4G, -85 rezo ne mai kyau, -110 kuwa ana fama ne. Ka zagaya gidan kana kallonta, sau da yawa fita tsakar gida ko hawa kan soro ya isa. Idan wayarka tana yawan faɗawa 3G ana tsakiyar wasa, wasu wayoyi suna ba da damar kulle ta a 4G kaɗai. Ka mayar da saitin bayan ka gama, in ba haka ba kira zai iya daina shigo maka.

Sai VPN, wanda ake ɗauka maganin komai. Aikinsa shi ne ya lulluɓe saƙonka yadda kamfani ba zai gane nau'insa ba, ya kuma bi da shi ta wata hanya. Wuri biyu yake da amfani: idan ana shaƙe nau'in abin da kake yi, ko idan hanyar da kamfaninka ke bi zuwa sabar wasan ta yi zagaye da yawa. Ba ya maganin ƙarewar rabo, tunda kamfani yana ƙirga megarka ko a lulluɓe take. Ba ya rage cunkoson eriya, ba ya huda katanga, ba ya matso da Turai. Mafi yawan lokaci ƙara fing yake yi, don ya ƙara zango ɗaya a tafiyar. Idan gwajin nan na sau uku ya nuna yana taimaka maka, ka zaɓi mai aiki da tsarin WireGuard saboda sauƙinsa, ka sa shi a ƙasar da sabar wasan take. Ana iya fara gwadawa da WARP na kamfanin Cloudflare, wanda ke cikin manhajar 1.1.1.1. Ka guji na kyauta waɗanda ba a san masu su ba, duk abin da kake yi ta hannunsu yake bi. Ka kuma karanta dokar wasanka, domin wasu kamfanonin wasa suna hukunta mai sauya ƙasa da VPN. Ka buga zagaye uku, in lambar ba ta sauka ba, ka kashe shi. Sauya lambar DNS zuwa 8.8.8.8 da ake yawan yaɗawa kuwa, yana iya gaggauta buɗe shafi, amma da zarar an shiga fili ba ruwansa da fing.

Zaɓin saba ya fi VPN tasiri. Kada taswira ta ruɗe ka, kusancin ƙasa ba shi ne kusancin waya ba, saƙo yana iya zuwa Turai kafin ya juyo zuwa wata ƙasar Afirka. Ka duba lambar da wasan ke nunawa a gefen kowace saba, da dare, lokacin da ka saba wasa. Ka yi tunani kafin ka danna, domin a ƙarshen 2020 PUBG Mobile ya taɓa sa dokar jiran kwana 60 kafin a sake sauya saba.

Masu sayen tikitin wifi na unguwa su san cewa mai shaƙe su sau da yawa ba kamfani ba ne, mai wifin ne, wanda ya yanka wa kowane tikiti gudunsa a akwatin MikroTik don abin ya ishi kowa. Wannan ba laifi ba ne. Ka zauna kusa da akwatin, ka hau zangon 5 GHz idan akwai, don ya fi na 2.4 ƙarancin hayaniya, ko da yake ba ya ratsa bango sosai. Mai PlayStation ya ja waya daga akwatin zuwa na'urar, ya manta da wifi. Ku kuma masu sana'ar, ku tsayar da jimillar gudun a ɗan ƙasa da abin da layinku ke bayarwa, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, ku kunna rabon adalci tsakanin masu shiga. Ta haka jerin gwanon zai kasance a akwatinku inda kuke da iko da shi, kuma ƴan wasa za su riƙa dawowa. Starlink, da ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, ya sauya lissafi, domin taurarinsa suna shawagi a kimanin kilomita 550, tsofaffin taurarin sadarwa kuwa suna kusan kilomita 36,000, inda fing ke kai 600. Amma faranti ɗaya da mutum arba'in suka rataya a kansa babu tsari, shi ma jerin gwano ne.

Akwai cijewar da ba ta da alaƙa da rezo sam. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin Agadez yana haura digiri 40, kuma waya idan ta yi zafi tana rage wa kanta ƙarfi don kada ta lalace. Alamar ita ce fing yana kore amma hoton yana tsalle-tsalle, bayan wayar kuma ya yi zau. Ka cire mata riga, kada ka yi wasa tana caji, ka sauke ingancin hoto zuwa mafi ƙasa, ka zauna a inuwa.

Idan ka bi duk wannan, littafinka kuma ya nuna gudunka ya kwanta alhali rabonka bai ƙare ba, to kana da haƙƙi, kada ka bar shi a fada. Ka je ofishin kamfanin da hotunan awon da saƙon da ya tabbatar da sayen forfe, ka tambaye su kai tsaye: nawa ne iyakar, kuma gudun nawa ake mayar da mutum bayanta? Ku tafi ku biyar ko goma daga unguwa ɗaya, kowa da nasa awon, domin koken da ya nuna eriya ɗaya da sa'a ɗaya ya fi sauƙin dubawa ga injiniyoyinsu. In ba a saurare ku ba, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa a Nijar ita ce ARCEP, ku rubuta mata, ku haɗa da hotunan. Ƙanena, gobe bayan sallar asuba ka yi awon farko, ka rubuta shi.